Ku ƙyale yarinyar nan da jadawalinta

Tun shekaranjiya nake kallon abin da kuke yi wa yarinyar nan, na ce bari in ga inda za ku tsaya. Ba ku tsaya ba. Wai marar tarbiyya ce, wai boko ya cinye ta, wai ta mayar da uwarta ofis. Duk don ta rubuta jadawalin jinyar mahaifiyarsu ta sa a guruf ɗin gidansu na WhatsApp: Litinin wane zai kwana, Talata wance za ta kai Hajiya asibiti, kuɗin magani na wata kaza ne, ga kason kowa. Yayanta kuwa da ya ɗauki hoton hirar gida ya watsa wa duniya, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ne mai tarbiyyar ke nan, ko?

To ni ina bayanta.

Kowa ya buɗe guruf ɗin gidansu, wanda aka buɗe ranar da Baba ko Inna ta kwanta. Me ke ciki? "Allah Ya ba da lafiya." "Allah Ya sa kaffara ne." Sitika ta hannu biyu a ɗage. Amin jere-jere har yatsa ya gaji da ja. Addu'a makamin mumini ce, ba mai musu, ni ma ina yi. Amma a ƙarƙashin amin ɗin nan akwai mutum ɗaya, kuma kusan kullum mace ce, ko autar gida, ko matar ɗa, ko wadda aurenta ya mutu ta dawo gaban iyaye. Ita ke wanke fo, ita ke canza pampas, ita ke tashi cikin dare ta juya tsohuwa kada bayanta ya yi gyambo. Mai shanyewar ɓarin jiki ana so a juya shi kamar duk bayan awa 2. Ku lissafa sau nawa ke nan daga isha'i zuwa asuba, sannan ku nuna mini sitikar da take yin wannan aikin.

Na san abin da ke ƙona muku rai. Jadawali yana da suna a jiki. In ba a rubuta ba, kowa ɗa nagari ne, kowa "yana bakin ƙoƙarinsa". Da an rubuta, sai a ga Alhamis ta zo ta wuce, gurbin wane wayam. Laifin yarinyar nan ke nan gaba ɗaya: ta rubuta suna.

Masu cewa iyayenmu da kakanninmu sun yi jinya babu WhatsApp, sannunku da tarihi. Su gida ɗaya suke, zaure ɗaya, tsohuwa na tari sassa huɗu sun ji. Ku fa? Ɗaya yana Abuja, ɗaya Fatakwal, ɗaya tana aure a Damagaram, ɗaya yana Jidda shekara nawa bai leƙo ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, zuwa gida kowane ƙarshen mako ya gagari mai albashi. Kun watse, wayar hannu ce kaɗai ta rage tana haɗa ku, kuma da ita kuke shirya biki, da ita kuke raba anko, kowa da sunansa da yadinsa da ko ya biya ko bai biya ba. Ba wanda ya taɓa cewa an mayar da amarya ofis. Sai da aka zo kan uwa ne rubutu ya zama baƙon abu.

Wani ma har da jawo aya, wai biyayyar iyaye ba da takarda ake yi ba. Malam, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, tsakanin Musulmi masu gaskiya, domin mutum yana mantuwa kuma zuciya tana da saƙe-saƙe. In bashin kasuwa ya cancanci alƙalami, yaya haƙƙin wadda aka ambace ta sau uku kafin a ambaci uba? Na wuce nan.

Bari in bar gatse in gaya muku abin da rashin rubutu ke jawowa, don ba wasa ba ne. Tsoho mai hawan jini likita ya ɗora shi a kan amlodipine, ƙwaya ɗaya a rana. Babban ɗa ya biya kemis ya sayo na wani kamfani, ƙanwarsa ta sayo na wani, kwali daban, launi daban, sunan da aka rubuta da manyan baƙi daban. Mai jinya ba ta karanta ƙananan baƙin da ke ƙasa ba, ta ɗauka magani biyu ne, tana ba shi duka. Jini ya sauka fiye da kima, ya miƙe zai yi alwala jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Mai ciwon suga kuma a ba shi glibenclamide bai ci abinci ba, sugan ya faɗi, ya hau gumi da karkarwa yana sambatu, a ce iska ce a fara neman mai ruƙiya. Hoton takardar likita guda ɗaya, da hoton kowane kwali, a sa a guruf a maƙale saƙon a sama, ya isa ya hana wannan. WhatsApp yana barin saƙo ya zauna a maƙale har kwana 30. Na'urar awon jini ta hannu tana nan a manyan kemis. A auna da safe, a rubuta 150/95 ko 130/80 da kwanan wata. Ranar ganin likita, ko a asibitin Malam Aminu Kano ne ko na Shika, duk wanda ya raka shi sai ya buɗe waya ya nuna awon wata guda, maimakon "wallahi likita ba ni nake zama da shi ba". Wadda ba ta iya karatun boko ba ta yi saƙon murya, ai ba sai da Turanci ba. Tsohon ma da 'yar Nokiyarsa mai tocila, a saita masa ƙararrawar lokacin magani.

Sai kuɗi, inda zumunci yake zuwa ya mutu. "Ai na tura." Nawa? Wa ka tura wa? Yaushe? Shekara na zagayowa sai ka ji ana raɗe-raɗin wance tana cin kuɗin maganin Inna, alhali ita ce take cikawa daga kuɗin adashenta. A buɗe asusu ɗaya, OPay ne ko Moniepoint ko na banki, abin da ya shiga a gani, rasit ya fita a ɗauki hotonsa. Wannan kariya ce ga mai jinya kafin kowa. Wanda ya yi jinya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsabar naira ta ɓace mai POS yana yankar son ransa, ya san gidajen da suka sha da sauƙi su ne waɗanda dama suke da asusun da kowa ya sani.

Kuma 'yan alat, ku saurara. Kuɗinku yana da amfani, Allah Ya ƙara buɗi. Amma alat ba ya kwana a asibiti. Mafi ban haushi a cikinku shi ne wanda zai sayo kyamara ya kafa a ɗakin tsohuwa, yana daga ofis yana leƙen matar ƙaninsa, ya bugo waya: "Na ga har ƙarfe tara ba a ba ta koko ba." Sannu sufeto. Kana da datar sa ido, ba ka da mako ɗaya na hutun shekara da za ka zo ka karɓe ta ta yi barci. In nisa ne uzurinka, akwai aikin da nisa ba ya hanawa: kai ka riƙe lissafi, kai ka tuna wa mutane ranar asibiti, kai ka biya mai taya aiki, ka kira bidiyo kullum bayan magariba ka yi hira ta gaske da tsohuwa, ta ba ka labarin da ka ji sau ɗari ka yi dariya kamar yau ka fara ji. A rubuta wannan ma a jadawalin, da sunanka.

Abu ɗaya da zan roƙi masu jadawali, har da ita yarinyar: Hajiya tana da rai, tana da hankali. A tambaye ta wa take so ya yi mata wanka, wa take jin kunya. Kada a riƙa ɗaukar hotonta a kwance ba ɗankwali ana turawa guruf mai surukai da jikoki. Lambobin awo da sunan magani sun wadatar.

Tunda ma maganar guruf ake, don girman Allah ku daina tura wa tsofaffi hotunan furanni na barka da Juma'a da bidiyon minti goma na mai maganin gargajiya da ke warkar da suga da basir da sammu a kwalba ɗaya. Wayar ta cika taf, saƙon muryar jikarta ya ƙi buɗewa, ta ɗauka yarinyar ce ta daina gaishe ta. Duk wanda ya je gida ya shiga saitin WhatsApp ya kashe saukar da hotuna kai tsaye, ya share tarkacen. Kawu, da kai nake, kai da furanninka masu ƙyalƙyali tun ƙarfe biyar na asuba.