Ba kananzir ne ya ceci kifin wel ba, ku duba tarihin gidan Rotch

Tun da Japan ta tura sabon jirginta na farautar kifin wel, Kangei Maru, teku a 2024, ta kuma ƙara kifin wel nau'in fin, na biyu a girma cikin dabbobin duniya, a jerin waɗanda ta halatta kamawa, wata tsohuwar magana ta sake dawowa bakin masu kare ta. Wai kada kowa ya tada jijiyar wuya, kasuwa za ta kashe sana'ar da kanta, kamar yadda kananzir ya ceci waɗannan halittu a ƙarni na 19 da ya maye gurbin mansu a fitila. Maganar ba ta da tushe balle makama, kuma tarihin gida ɗaya ya isa ya rushe ta.

Mutanen gidan Rotch 'yan ɗariƙar Kwaka ne, Kiristocin nan da ba sa ɗaukar makami, ba sa rantsuwa. Joseph Rotch ya fara da ɗinkin takalmi a tsibirin Nantucket na Amurka kafin ya zama attajirin man kifin wel. A 1765 ya sayi eka 10 a ƙauyen da ya zama birnin New Bedford, inda ruwan tasha ya fi zurfi. Jirginsu Dartmouth ya kai mai Landan, ya dawo da ganyen shayi, yana kuma cikin jirage uku da aka zubar da shayinsu a tashar Boston ranar 16 ga Disamba, 1773.

William ɗan Joseph mutum ne mai riƙo da aƙida, wannan ba a musu. Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka an nemi ya sayar da wuƙaƙen bakin bindiga da ke ajiye a wurinsa, ya ƙi, ya zuba su a teku. Da wani bawa mai suna Prince Boston ya dawo daga farauta a jirginsa, a hannun bawan aka danƙa ladan, ba a ba ubangidansa ba, shari'ar da ta biyo baya kuma ta kai shi ga 'yanci. To amma ku dubi abin da wannan mutum ya yi da kasuwa ta rufe masa ƙofa. Bayan yaƙin, Birtaniya ta ɗora harajin fam 18 a kan kowane tan na man da baƙi suka kawo. William bai nade tabarmarsa ba. Ya tafi Landan a 1785 neman a mayar da masuntan Nantucket can. Da ciniki bai faɗa ba, ya tsallaka Faransa, ya kafa sana'ar a Dunkirk a 1786. Da guguwar juyin juya halin Faransa ta yi tsanani, ɗansa Benjamin ya koma Milford Haven a yankin Wales, shi kuma William ya tare a New Bedford a 1795. Haraji, yaƙi, juyin mulki, duk jirgi suka sauya wa tuta, mashi bai huta ba. Idan mai tsoron Allah irin wannan bai daina da kansa ba, wa ake jira ya daina yau?

Masu labarin kananzir ba sa son a shiga lissafi. Kwale-kwalen farauta mutum shida yake ɗauka. A soki kifin da mashi mai igiya, ya ja su har ya galabaita, sannan a ƙarasa shi da dogon mashi a huhu. A ɗaure gawar a gefen jirgi, a feɗe kitsen zara-zara, a yayyanka, a narka shi a manyan tukwanen ƙarfe da aka girka cikin murhun bulo a kan dandamalin jirgi, da kwarmin ruwa a ƙasa don kada katako ya kama wuta. Ƙanzon kitsen da aka soya shi ne makamashin. Ganga ɗaya galan 31 da rabi ce, wajen lita 119. Ma'aikaci ba shi da albashi, sai kaso: kyaftin na iya samun kashi ɗaya cikin 15 ko kusa da haka, sabon shiga kuwa ɗaya cikin kusan 200, a cire masa kuɗin tufafi da taba, wani ya sauka da bashi a wuya. Da kifin ya yi ƙaranci a Atilantika, jirage suka zagaya ƙarshen Kudancin Amurka zuwa Fasifik, tafiyar watanni ta koma ta shekara uku zuwa huɗu. Yawan jiragen Amurka ya kai ƙololuwa a 1846, da jirage 735. Rijiyar man Edwin Drake a Pennsylvania, wadda ta buɗe harkar haƙar man fetur a Amurka, sai 1859 aka haƙa ta, shekara 13 bayan nan. Kifin ne ya fara ƙarewa a wuraren da jirgin ruwa mai tafiya da iska ke iya kaiwa, tsadar nemansa ta karya sana'ar, kananzir ya zo ya tarar da ita tana tangaɗi.

Tsugune kuma ba ta ƙare ba. Svend Foyn ɗan Norway ya ƙera bindigar harba mashi mai fashewa wajen 1870, aka ɗora ta a jirgi mai inji. Nau'in fin da shuɗin wel, waɗanda suka fi ƙarfin masu tuƙi da hannu saboda gudu, da kwal da man fetur aka cim musu. Aka mayar da mansu sabulu da man shafa wa burodi, man wani nau'in kuma aka zuba a giyar mota. A ƙarni na 20 kaɗai an kashe kusan miliyan 2.9. Man ƙasan da ake yi wa kirarin mai ceto shi ne ya tuƙa jiragen da suka yi wannan ɓarna.

Masu cewa farautar al'ada ce su faɗa mana al'adar da ke buƙatar jirgin sarrafa nama mai nauyin tan dubu tara irin Kangei Maru. Abin da ya tsayar da kisan doka ce: ƙuri'ar Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya a 1982, wadda ta fara aiki a 1986, hukumar da Japan ta fice daga cikinta a 2019. A Lima, a 2024, shawarar keɓe Kudancin Atilantika a matsayin mafakar kifin wel ta faɗi da tazarar ƙuri'a ɗaya. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ke da kujera a hukumar su daina ara wa masu farauta ƙuri'unsu, tashoshin jiragen ruwa kuma su ƙi karɓar duk jirgin da ya ɗauko naman.