Cinikin manyan ƙasashe ba kuɗi kaɗai ba ne

A fadojin Damagaram ana yawan cewa takun-saƙar ciniki tsakanin Amurka da Sin na kuɗi ne kawai. Ba haka ba ne, tsoron yaɗuwar makamai na ciki. A 1985 suka sa hannu kan yarjejeniyar cinikin fasahar nukiliya, amma Amurka ta ƙi aiwatar da ita har 1998, sai da Sin ta yi alkawarin ba za ta ƙulla sabon aikin nukiliya da Iran ba. Dalili kuwa, injin da ke tace yuraniyom, ma'adinin da ake makamashin nukiliya da shi, zuwa kashi 5 cikin ɗari don lantarki, shi ke iya kai shi kashi 90 na bam. Abin ya shafe mu, tunda yuraniyom ɗin Arlit don kasuwar nukiliya ake haƙo shi.