A bar yaran unguwa su gwada ƙwanji da manyan 'yan sinuka, kamar yadda akayi a Pontins

A shekarar 1974 a garin Prestatyn dake arewacin Wales, a wani sansanin hutu na kamfanin Pontins inda talakawan Birtaniya ke kwasar iyalinsu suje shan iska, an fara wata gasar sinuka wadda har gobe ina ganin ta fi da yawa daga manyan gasannin yanzu ma'ana. Tsarin ba wani mai wuya bane. Ana gayyato ƙwararru 'yan ƙalilan, irin su Ray Reardon da John Spencer waɗanda duk sun ci kofin duniya, suyi tasu gasar su kaɗai, sannan a buɗe wata ta kowa da kowa inda 'yan sha'awa, wato masu buga wasan bayan sun tashi daga aiki, zasu yi ta fafatawa a tsakaninsu har a tace gwanayen ciki a haɗa su da manyan.

Toh amma ba haka kawai ake jefa su bakin kura ba, ana ba ɗan sha'awa maki 25 kyauta a kowane firem, wato zubi ɗaya na wasa, kafin ma a fasa ƙwallaye.

Wanda ya saba da ƙaramin tebur ɗin nan na bakin titi da samari ke taruwa akai da yamma a Kano ko Kaduna ba lallai ya gane nauyin 25 ba, don wancan wasa daban ne. Teburin sinuka na gaske ƙafa 12 ne a tsayi, jajayen ƙwallaye 15 kowacce maki 1, baƙa maki 7. Kenan ko da ƙwararre ya jefa ja da baƙa, ja da baƙa, ja da baƙa, sau uku cur ba kuskure, 24 ya tara, bai ma kamo yaron ba tukuna. Gaba ɗaya launuka shidan da ake ƙarasa wasa dasu 27 ne. Don haka babba in yayi sakaci sau ɗaya ya bar ja a bakin rami, shikenan firem ya tafi yana zaune akan kujera yana kallo.

Wanda ya ci ta farkon shine Doug Mountjoy, mutumin Wales da yayi aikin haƙar kwal, a lokacin ɗan sha'awa ne, ya doke Spencer 7-4 a wasan ƙarshe. Nasan me wasu zasu ce, ai da kyautar maki yaci. Naji, amma a duba abinda ya biyo baya mana. 1976 ya sake cin Pontins, ya ci kofin duniya na 'yan sha'awa a shekarar, ya zama ƙwararre yana ɗan shekara 34, sai gashi a farkon 1977 an gayyace shi gasar Masters don ya cike gurbin wani, ya je ya doke Reardon 7-6 ya ɗauke kofin, kuma a nan babu wanda ya bashi ko maki ɗaya. Steve Davis ma ya ci Pontins a 1978 yana matashi, shekara uku bayan nan shi da Mountjoy ne suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin duniya, Davis ya ci 18-12.

Abinda nake so in ce shine gwani baya sanin shi gwani ne sai ya tsaya kusa da wanda ya fishi. Kana iya shekara goma kana lallasa kowa a kulob ɗin garinku kana jin kanka, ranar da ka ga yadda Reardon ke ɓoye farar ƙwallo a bayan wata ka rasa ta inda zaka fito, ranar zaka san inda karatunka ya tsaya. Kuma maki 25 ɗin nan gaskiya ce aka faɗa a fili, kowa ya yarda ba ɗaya suke ba, an dai rage tazarar yadda wasan zai yi daɗin kallo, babban kuma dole ya zage damtse.

Ba wai masu adawa basu da hujja bane. A 2021 a gasar UK Championship wani yaro ɗan China, Si Jiahui, da aka saka a matsayin ɗan sha'awa ya fitar da Shaun Murphy 6-5 a zagayen farko, Murphy ya fito a fusace yana cewa bai kamata a bar 'yan sha'awa cikin gasar ƙwararru ba, tunda su basu da abin asara, shi kuwa da wannan sandar yake ci da iyalinsa. Mutane sun yi masa caa, amma ni ban ga ya faɗi shirme gaba ɗaya ba. Wanda ke lissafin kuɗin haya da matsayinsa a jadawalin duniya hannunsa ba zai saki kamar na wanda yazo gwada sa'a ba, wannan kowa ya sani.

Sai dai maganar tasa tafi dacewa da gasar da ake tara makin matsayi, kuma a nan ne Pontins ta yi dabara, don ita bata taɓa matsayin kowa ba, gayyata ce, kazo ka buga ka nishaɗantar da masu hutu, in ɗan haƙar kwal ya kada ka sai dai kunya da tsokanar abokai. Shi kuma Si Jiahui bai ma bari gardamar ta yi nisa ba, 2023 ya sake haɗuwa da Murphy a kofin duniya a zauren Crucible ya cire shi 10-9, ya wuce har wasan kusa da na ƙarshe.

Inda nake ganin an ɗan rikita lamarin yanzu shine wa ake kira ɗan sha'awa. Si ɗin ya taɓa zama ƙwararre ya faɗo ne. James Cahill da ya fitar da Ronnie O'Sullivan 10-8 a 2019 shima haka. Zhao Xintong da ya ci kofin duniya a 2025 da sunan ɗan sha'awa kuwa, mutumin da ya riga ya ci UK Championship a 2021 ne, dakatarwa akayi masa ta wata 20 kan badaƙalar caca da sayar da wasa da ta rutsa da 'yan wasan China goma, ya dawo ta ƙasa. Waɗannan ba irin Mountjoy bane, ba wanda zai basu maki 25 sai mai neman asara. Ainihin mutumin da nake magana akai, direban bas ko mai gyaran famfo da ya iya sanda, shi yanzu hanyarsa kusan ɗaya ce, ya biya kuɗi ya shiga Q School, wato gasar neman zama ƙwararre, ya fafata da tsofaffin ƙwararru ba ragi ko na maki ɗaya. Sansanin Prestatyn ɗin ma an rufe shi a ƙarshen 2023, kuma masu shirya gasannin gayyata na yanzu sun fi son su tara manya zalla a ɗora kuɗi mai kauri, fuskokin da muka gani makon jiya su ne dai zamu sake gani a mako mai zuwa.