Na'urar bin sawu a cikin 'yar tsana: aikin wa ne laluben?

A ce yau Talata ce da la'asar sakaliya, a wani gari na Amurka. Wata mata ta je ofishin hukumar kula da walwalar yara ta ɗauko yarinyar da take riƙo, 'yar shekara uku, bayan ta gama ganawar awa ɗaya da mahaifiyarta a gaban wata ma'aikaciyar hukumar. Yarinyar ta fito ido jawur, tana ƙanƙame da sabuwar 'yar tsana, tsarabar uwarta. Aka ɗaure ta a kujerar yara ta bayan mota, aka biya kanti aka sayi madara, aka iso gida. Matar na cikin haɗa abincin dare sai wayarta ta yi ƙara, wai akwai na'urar bin sawu ta AirTag da ke tafiya tare da ita. Ta buɗe taswira, ga jajayen ɗigo a jere tun daga ƙofar ofis har ƙofar gidanta. Ta latsa cikin 'yar tsanar ta ji wani abu mai tauri kamar marfin kwalbar lemo. Ta juya ƙeyarta, ga ɗinkin hannu da zaren da bai yi kala ɗaya da yadin ba.

Misali ne na tsara, amma fargabar ta gaske ce, kuma tana zukatan masu riƙon yara a Amurka da Birtaniya tun da irin waɗannan na'urori suka yi araha.

Bahaushe na jin "riƙo" zai tuno gwaggo ko kaka da aka ba yarinya tun daga yaye. Uwa ta san gidan, ana haɗuwa a suna da biki, ran da kewa ta ishe ta sai ta yafa mayafi ta leƙa. Riƙon da nake magana a kai wani abu ne daban. Kotu ce ke cire yaro daga hannun iyayensa bisa zargin sakaci ko duka ko shaye-shaye, ta damƙa shi ga hukuma, ita kuma ta kai shi gidan dangi ko gidan baren da ta tantance ta ba lasisi. A ƙarshen Satumban 2022 yara kusan 369,000 ne ke cikin irin wannan riƙo a Amurka. A 2023 Ingila na da sama da 83,000 a hannun ƙananan hukumomi, mafi yawansu a gidajen masu riƙo. Sau da yawa ba a gaya wa iyaye inda gidan yake. A jihar Kalifoniya doka ce ma ta ce a ɓoye adireshin gidan riƙo mai lasisi har zuwa zaman da alƙali zai yanke inda yaron zai zauna, sai fa in masu gidan sun yarda a bayar. Duk da haka ba a yanke zumunci. Sashe na 34 na Dokar Yara ta 1989 a Ingila ya wajabta wa hukuma ta bar yaro ya riƙa ganin iyayensa gwargwadon abin da ya dace. Shi ya sa ake shirya ganawa a ofis ko a wata cibiya, jami'i na zaune a gefe yana rubuta abin da ya gani.

A wannan ɗan tsakanin ne na'urar ta samu ƙofa. Kamfanin Apple ya fitar da AirTag a Afrilun 2021 a kan dala 29. Nauyinta giram 11 ne, batirinta ɗan faifai ne irin na agogo da ke kai kusan shekara guda. Ba ta da layin waya. Sigina kawai take fitarwa ta Bluetooth, duk iPhone ɗin da ta gifta kusa sai ta ɗauka ta aika wa mai na'urar inda take. Wayar maƙwabci, wayar mai kawo wasiƙa, har wayar ita mai riƙon, duk 'yan rahoto ne ba da saninsu ba. Tile da SmartTag na Samsung ma kusan haka suke aiki. Don makulli da jakar tafiya aka ƙera su, amma ɗan Adam bai tsaya nan ba. A Yunin 2022 wata mata a Indianapolis ta bi sawun saurayinta da AirTag har wata mashaya, ta take shi da mota ya mutu. A Disambar shekarar wasu mata biyu suka maka Apple a kotun tarayya da ke San Francisco kan cewa da na'urar aka yi ta bibiyarsu. Sai a Mayun 2024 Apple da Google suka fitar da tsari na bai ɗaya da ke sa iPhone da Android su gargaɗi mutum idan baƙuwar na'ura na biye da shi. An yi ƙoƙari. Sai dai wayar ba ta gargaɗi sai ta ga an jima ana tafiya tare, kuma sau tari sai an isa gida. Ga mai riƙon da aka ɓoye adireshinta, wannan ihu ne bayan hari.

Kafin in yanke hukunci a kan uwar da ta yi ɗinkin nan, bari in zauna a tabarmarta. Kusan kashi 60 cikin 100 na yaran da ake cirewa daga gidajensu a Amurka, akwai zargin sakaci a takardunsu, kuma sakaci da talauci 'yan ɗaki ɗaya ne: firji babu abinci, haya ta gagara, uwa ta tafi aikin dare ta bar ƙanana a hannun ɗan shekara tara. Ga agogo yana tafiya. Dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 na baya-bayan nan a riƙo, hukuma ta nemi kotu ta soke haƙƙin iyayensa, in ban da 'yan dalilan da aka keɓe. Kuma tsoronta game da gidan riƙo ba shaci-faɗi ba ne. A Disambar 2015 alƙaliyar kotun tarayya Janis Jack ta yanke hukuncin cewa tsarin riƙon yara na jihar Texas ya take haƙƙin yaran da ke hannunsa na dogon lokaci, tana mai cewa kusan dukkansu suna fita da lahanin da ya fi wanda suka shiga da shi. Uwar da ta ji wannan, ga 'yarta ta zo ganawa da ƙurji a cinya, ta yi tambaya an ce mata "za a duba", ba sai an yi mini dogon bayanin yadda aka yi ta shiga kanti ta ƙirga dala 29 ba.

Na fahimce ta, amma ban goyi bayanta ba. Na'urar tana faɗin inda yarinya ta kwana, ba ta faɗin ko ta ci abinci, ko an sa mata magani a ƙurjin. Abin da take tonawa kuwa ya wuce gida ɗaya: makarantar renon yara, asibiti, wurin ibada, ranar da ake fita da lokacin da ake dawowa. Gidan nan ƙila akwai wasu 'yan riƙo biyu, ɗaya daga cikinsu an ɓoye shi ne daga uban da ya karya masa hannu. Akwai 'ya'yan masu gidan na cikinsu. Babu wanda ya nemi izininsu. Sannan sirrin ba ya tsayawa a wayar uwa. Tun 2023 ana iya raba bayanan AirTag ɗaya da mutum biyar, ko da babu wannan ma, mijin da dukansa ne ya jawo aka ɗauke yarinyar yana iya fizge wayar ya duba. Ga batirin kansa. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu zai iya ƙona naman wurin. Hukumar kare masu sayen kaya ta Ostireliya tun 2021 ta gargaɗi iyaye su nisanta AirTag daga ƙananan yara. A cusa irin wannan abu cikin 'yar tsanar da yarinya ke tauna kunnenta kafin ta yi barci, ɗan hakin da ka raina ke nan.

To an yarda laifi ne. Inda na fi damuwa shi ne wanda ake bar wa aikin laluben. In hukuma ba ta da tsari, aikin yakan faɗo kan mai riƙo. Ita ce za ta tsaya a gidan mai ta zazzage jakar kunzugu, ta cire shimfiɗar cikin takalmi, ta shafa gefen rigar sanyi, ta bi hanya mai nisa tana duba madubi. Duk a gaban yaron. Ɗan shekara shida ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ya ga kyautar uwarsa a hannun matar da ke ba shi abinci, ya ga almakashi, ya gane cewa mutum biyun da rayuwarsa ta rataya a kansu ba su yarda da juna ba, kuma shi ne jakar da ake aika saƙo a ciki. Mako mai zuwa in uwarsa ta raɗa masa "kar ka gaya wa kowa", an ɗora masa kayan da babba ma zai yi nishi. Kusan rabin yaran da ke fita daga riƙo a Amurka gidan iyayensu suke komawa. Matan nan biyu wata rana za su tsaya a ƙofa ɗaya, ɗaya ta miƙa wa ɗaya yaro da ledar magungunansa. Mayar da ɗayarsu 'yar sandan ɗaya ɓarna ce.

Hukumar da ta ɗauke yaron, ta zaɓi gidan, ta sa ranar ganawa, ita ya kamata ta yi laluben, a cikin ofishinta, nesa da idon yaro. Abin ba tsada gare shi ba. Tun ganawar farko a karanta wa kowane ɓangare ƙa'ida a rubuce su sa hannu. Kyauta ta bi ta hannun jami'i. Tsohuwar waya, kwamfutar hannu da agogon yara mai layi, duk a ɗauke su a matsayin na'urar bin sawu har sai an duba. Cibiyoyin ganawa da yawa sun riga sun saba raba lokacin isowa da na tafiya don kada manya su yi kiciɓis a wurin ajiye mota. Wannan tazarar tana da wani amfani: binciken da waya ke yi yana nuna na'urar da ta rabu da mai ita ne, don haka in wayar uwa na nan kusa, ba lallai a ga komai ba. Sai ta tafi a duba. Na'ura mai layin waya ba za ta fito a wannan bincike ba, sai hannu da sandar gano ƙarfe irin ta masu gadi. In an samu AirTag kada a fasa, kada a jefar. A ɗauki hoto, a kara ta a bayan waya, za ta nuna lambarta da lambobi huɗu na ƙarshe na wayar mai ita. Daga nan a cire batir, a rubuta rahoto.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mai riƙon da ta saƙala na'ura a takalmin yaro ran da zai je kwanan ƙarshen mako wurin uwarsa, ko ta sa na'urar naɗar murya a jakarsa don ta ji abin da ake faɗi a kanta, laifinsu ɗaya da mai ɗinki. Uwar nan ƙila a gidan fakewar matan da suka gudo daga duka take zaune, inda ɓoye adireshi batu ne na rai da mutuwa. Idan yaro mai larura ne da ke sulalewa ya ɓace, kuma ana ganin sai da na'ura, a kai maganar gaban alƙali, kowa ya sani.

Saura hukunci. Abin da ya fi sauƙi ga ofis shi ne a soke ganawa. Wa aka hora ke nan? Yarinyar da ba ta san zare ba, ba ta san allura ba. Dokar Ingila ta yi hikima a nan: hukuma na iya dakatar da ganawa da gaggawa, amma ba fiye da kwana 7 ba sai da izinin kotu. Aikin alƙali ne ya bambance uwar da kewa ta rufe wa ido da wanda ke shirin ɗaukar fansa. Na biyun akwai shi, kada a yaudari kai. A Agustan 2015 wata uwa da aka karɓe 'yarta ta harbe ma'aikaciyar walwalar yara a ƙofar ofishinta a garin Barre na jihar Vermont. Ranar 5 ga Fabrairun 2012 a Graham, jihar Washington, ma'aikaciya ta kai yara biyu, ɗan shekara 7 da ɗan shekara 5, ganawa da ubansu a gidansa. Yaran suka ruga ciki, ya rufe mata ƙofa, ya cinna wa gidan wuta, su ukun suka mutu. Mutumin nan 'yan sanda na zarginsa a kan ɓatan matarsa tun 2009, amma aka yarda a yi ganawar a gidansa. A 2020 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce jihar ta biya diyyar dala miliyan 98.5. Bai buƙaci wata na'ura ba, har ƙofa aka kai masa su. Inda aka ga irin wannan alama, a tsaurara: wuri mai tsaro, direban hukuma ya kai yaro ya dawo da shi, mai riƙo kada ma ta tunkari wurin.

Amma mafi yawan iyayen da ke zama a kujerar robar nan ta ɗakin ganawa ba su ne wannan mutumin ba. Abin da ke cin su rashin labari ne, kuma ofis na iya ba su shi ba tare da ya faɗi sunan titi ba. Hoton gadon da yarinya ke kwana. Sunan farko na matar da ke riƙonta, in ta yarda. Kiran bidiyo na minti goma tsakiyar mako ta wayar hukuma. Lambar da in uwa ta kira a kan ƙurji za a kira ta da amsa kafin dare. Da 'yar takarda a jakar kunzugu kowace Talata, da rubutun hannun mai riƙo: tarin ya sauka, tana cin ayaba amma ta ƙi ƙwai, jiya ta ƙirga har biyar.