Ƙwarin da suka fashe a gaban mota ba ƙura ba ne

Da yawa sun ɗauka ƙwarin da ke mannewa a gaban mota datti ne kawai, a bari sai ranar wanki. Ba haka ba ne. Ruwan cikinsu yana cin fenti, kuma idan rana ta gasa bonet, kwana biyu ya isa ya huda siririn rufin da ke ba fentin sheƙi. Ko an wanke, tabon na nan.

Kankarewa da busasshen tsumma ko farce ma ta fi muni, don ɓawon ƙwaron ne ke zana layuka. A jiƙa tsumma mai laushi, a shimfiɗa a wurin kamar minti 5 a inuwa, sannan a share a hankali da sabulun mota. Sabulun wanke-wanke kuwa cinye kakin da aka shafa don kariya yake yi.