Randa ɗaya suka sha, ɗaya ne ya kwanta

A Gusau, in taifot ta kwantar da yaro ta bar ƙaninsa, sai a ce ƙwayar cuta mai ƙarfi ya haɗiya. Ba lallai ba ne, abin da aka gada daga iyaye ma na da hannu. A ba ɓerayen gwaji bakteriyar Salmonella, dangin mai haddasa taifot, adadi ɗaya: irin BALB/c su mutu cikin kwanaki, irin 129 su jure. A 1993 masu bincike a Kanada suka gano ƙwayar gadon da ke kawo wannan bambanci, Nramp1. Ita ke janye sinadarin ƙarfe daga inda fararen ƙwayoyin jini suka kulle bakteriya, yunwa ta hana ta hayayyafa. Ta BALB/c kuwa a lalace take. A mutum dai, abinci da rigakafi ma suna shigowa lissafin.