Oga, fuskarka ta riga bakinka magana

Na taɓa aiki ƙarƙashin wani oga da kowace Litinin sai ya ce mana, "Ƙofata a buɗe take, mai magana ya zo." Kuma bai yi ƙarya ba, a buɗe take. Sai dai in ka shiga, ba zai ɗago kai daga waya ba. Ga kujeru biyu a gabansa babu kowa a kai, kana tsaye da fayil, ba zai nuna maka ɗaya ba. In maganar ba ta yi masa daɗi ba, sai ya zare tabarau a hankali ya ajiye a tebur, ya ja ɗan siririn tsaki. Ba zagi, ba tsawa. Amma kafin a jima duk mun iya karatun tabarau. Da janareta ya fara yoyon mai, kusan kowa ya gani, aka rasa mai kai labari har injin ya ƙone. Sai ga oga yana faɗa wai me ya sa ba a gaya masa ba.

Masu ba da horo a otal-otal suna son cewa kashi 7 cikin ɗari na saƙo ne kawai ke cikin kalmomi. Daga binciken Albert Mehrabian na 1967 aka tsinto wannan lissafi, kuma shi a kan nuna so da ƙi ya yi aikinsa, lokacin da murya da fuska suka saɓa wa kalma. Bai ce umarnin aiki ma haka yake ba. Ni dai ban buƙaci Bature a nan. Mun daɗe da sanin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, bai ma ga ɗaure fuskar da aka yi masa ba, amma sai da aya ta sauka a kanta. To ina ga akawun da idonsa biyu a kanka?

Sannan a yi hattara da kwaso darasin waje ɗungurungum. Can an ce wanda bai kalli ƙwayar idonka ba yana ɓoye wani abu. Yaron da ya tashi a Katsina ko Maraɗi, tun yana ƙarami aka hore shi kada ya zuba wa babba ido. Ya zo intabiyu ya sunkuyar da kai, ka rubuta "ba shi da ƙarfin gwiwa", ka zalunce shi. Haka matar da ba ta miƙa hannu ba.

Ogan da ya gaji wancan mai tabarau ba shi da yawan dariya. Amma in ka shiga, yakan kifa wayarsa a tebur, ya ce, "Bismillah, zauna. Ina jin ka." A satinsa na biyu masinja da kansa ya je ya gaya masa inda man dizal ke zurarewa.